Fursunonin Kyuba biyar: yadda aka shekara 13 ana kiran sunayensu har ƙofa ta buɗe

Ranar 17 ga Disamba, 2014, da Gerardo Hernández ya sauka daga jirgi a Havana, matarsa Adriana Pérez ta tarbe shi da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Shi kuwa shekara 16 da wata uku ke nan yana tsare a gidajen yarin Amurka, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa barin ta ta sa shi a ido ba. Duk wanda ya ga hotunan ranar sai da ya yi tambayar da kai ma ka yi a ranka yanzu. Babu abin kunya a cikin amsar: cikin nasa ne, kuma da sanin gwamnatin Amurka aka same shi. Zan zo kan yadda aka yi. Na fara da nan ne saboda cikin nan shi kaɗai ya isa ya nuna nisan tafiyar da maganar mutanen nan biyar ta yi, daga ɗakin kaɗaici a Miami, inda uku daga cikinsu ko sunayensu na gaskiya ba a sani ba, har ta zama abin da shugaban Amurka da na Kyuba da Fafaroma suka tsoma baki a ciki.

Mutanen su ne Gerardo Hernández, Ramón Labañino, Antonio Guerrero, Fernando González da René González. Fernando da René ba 'yan'uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. A Kyuba Jarumai Biyar ake ce musu. A Miami kuwa 'yan leƙen asirin Castro. Kowane ɓangare yana da abin da ya riƙe, kuma ba za a gane gangamin da aka yi domin su ba sai an san abin da ya kai su Amurka tun farko.

Tsakanin Kyuba da jihar Florida bai wuce kilomita 150 ba. Bayan juyin juya halin 1959, dubban ɗaruruwan 'yan Kyuba suka tsallaka suka zauna a Miami. Mafi yawansu neman na kansu suke yi kamar kowane ɗan gudun hijira, amma akwai 'yan tsiraru da suka rantse sai sun ga bayan Fidel Castro ko da bam ne. Ranar 6 ga Oktoba, 1976, aka tarwatsa jirgin fasinjan Kyuba jim kaɗan bayan ya tashi daga Barbados, mutum 73 suka mutu, ciki har da matasan ƙungiyar wasan takobi ta ƙasar. Da Tarayyar Soviet ta rushe a 1991, tattalin arzikin Kyuba ya durƙushe, abin da ya rage mata na samun kuɗin waje shi ne masu yawon buɗe ido. To sai bama-bamai suka koma otal-otal. A 1997 aka yi ta tayar da su a Havana, kuma ranar 4 ga Satumba wani ya kashe matashi ɗan Italiya, Fabio Di Celmo, a otal ɗin Copacabana. A watan Yulin 1998 Luis Posada Carriles, tsohon ɗan aikin hukumar CIA, ya faɗa wa jaridar New York Times cewa shi ya kitsa hare-haren, ko da yake daga baya ya janye maganar.

Abin da Kyuba ke cewa shi ne, tunda Amurka ta ƙi tsawata wa waɗannan ƙungiyoyi, dole ta tura nata mutanen su shiga cikinsu su riƙa jiyo abin da ake ƙullawa. René matuƙin jirgi ne, a Disambar 1990 ya ɗauki wani ƙaramin jirgi ya sauka da shi a Florida a matsayin wanda ya gudo daga mulkin Castro. Hatta matarsa da farko ta ɗauka da gaske ya ci amanar ƙasa ne. Gerardo, wanda shi ne jagoransu, ya zauna da sunan Manuel Viramontes. A watan Yunin 1998 jami'an FBI suka je Havana, aka miƙa musu tarin bayanai kan masu shirya hare-haren. Wata uku bayan haka, da asubar 12 ga Satumba, FBI ta yi kame a kudancin Florida. Ba a kama mai bam ko ɗaya ba. Mutum 10 aka kama daga cikin 'yan leƙen asirin Kyuba. Biyar suka amsa laifi suka ba gwamnati haɗin kai aka sassauta musu, biyar suka yi ƙememe. Aka zuba su a ɗakunan kaɗaici na tsawon wata 17 kafin a fara shari'a.

A nan akwai abin da wasu magoya bayansu kan tsallake da gudu, ni kuwa ina ganin faɗinsa ba ya rage komai. Mutanen nan jami'an leƙen asirin Kyuba ne. Ba su yi rajista da gwamnatin Amurka a matsayin wakilan wata ƙasa ba kamar yadda doka ta ce, uku sun yi amfani da takardun bogi, kuma aikinsu bai tsaya kan 'yan gudun hijira ba, domin Antonio ya samu aikin leburanci a sansanin sojan ruwa na Key West yana ƙirga jiragen da ke sauka da tashi. Su kansu ba su musa yawancin wannan ba. Inda gardama take shi ne manyan tuhume-tuhume biyu. Na farko, haɗa baki don satar asirin tsaro, wanda aka ɗora wa Gerardo da Ramón da Antonio. Ba a gabatar da ko takarda ɗaya ta sirri da suka sata ba, kuma manyan hafsoshin Amurka masu ritaya sun tsaya a kotu sun ce ba su ga asirin ƙasa a cikin abin da aka kama ba. Amma laifin haɗa baki ba ya buƙatar a nuna an aikata, ya isa a gamsar da kotu cewa an ƙulla niyya.

Na biyun ya fi nauyi, kuma Gerardo kaɗai aka ɗora wa, watanni bayan kama shi. Akwai wata ƙungiya a Miami da José Basulto ya kafa, mai amfani da ƙananan jirage wajen hango 'yan Kyuba da ke tsallaka teku a kan kwale-kwale. Sannu a hankali jiragenta suka fara kutsawa sararin samaniyar Kyuba, har Basulto ya bi ta kan Havana a Yulin 1995 ya watsa takardu. Kyuba ta yi ta kai ƙara tana gargaɗi. Ranar 24 ga Fabrairu, 1996, jiragen yaƙinta suka harbo biyu daga cikin jiragen, mutum huɗu suka mutu: Carlos Costa, Armando Alejandre, Mario de la Peña da Pablo Morales. Kyuba ta ce a cikin sararinta ne, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta bincika ta ce a waje ne. Masu gabatar da ƙara suka nuna saƙonnin da Havana ta aiko wa Gerardo cewa kada mutanensa su hau jiragen ƙungiyar a waɗannan ranaku, suka ce wannan ya nuna ya san za a yi kisa. Lauyoyinsa suka ce sanin za a yi wani abu daban, shiga yarjejeniyar kashe mutane a sararin ƙasa da ƙasa daban. Dab da ƙare shari'a, lauyoyin gwamnati da kansu suka garzaya kotun ɗaukaka ƙara suna cewa sharaɗin da alƙaliya Joan Lenard ta gindaya kan wannan tuhuma shinge ne da ba za su iya tsallakewa ba. Aka yi watsi da roƙonsu. Duk da haka aka same shi da laifin.

Yaya aka yi? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan gangamin baki ɗaya. A tsarin Amurka ba alƙali ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Mutum 12 ake zaɓowa daga mazauna yankin, su saurari shaidu su yanke, alƙali kuma ya faɗi tsawon ɗauri. Yankin kuwa Miami ne, kuma an fara shari'ar a Nuwambar 2000, wata biyar kacal bayan an mayar da Elián González, yaro ɗan Kyuba da aka tsinto a teku danginsa na Miami suka riƙe shi, wurin mahaifinsa a Kyuba, rikicin da ya sa garin ya yi ta tafasa wata da watanni. Lauyoyi suka roƙi a ɗaga shari'ar ko da zuwa Fort Lauderdale ne, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya a mota ba. Aka ƙi. Gaskiya ne babu ɗan asalin Kyuba ko ɗaya a cikin mutum 12 ɗin. Amma a garin suke kwana suke tashi, can ne wuraren aikinsu da makarantun 'ya'yansu, kuma sun kai kuka ga alƙaliya cewa masu kyamarorin talabijin na bin su har wurin motocinsu ana ɗaukar lambobin. Ka sa kanka a matsayin ɗaya daga cikinsu, ka wanke 'yan leƙen asirin Castro da rana, ka koma unguwa da yamma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekara guda bayan haka, a wata ƙarar da ta taɓo batun Elián, ofishin lauyoyin gwamnatin nan dai ya nemi a fitar da shari'a daga Miami, bisa hujjar cewa ba za a samu adalci a garin ba kan abin da ya shafi Kyuba. Sannan a 2006 jaridar Miami Herald ta fallasa cewa akwai 'yan jaridar garin da ke karɓar kuɗi daga hukumar gwamnati mai watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin zuwa Kyuba.

Ranar 8 ga Yuni, 2001, aka same su da dukkan laifukan. A Disamba aka yanke wa Gerardo ɗaurin rai-da-rai har biyu, Ramón da Antonio rai-da-rai, Fernando shekara 19, René 15. Aka warwatsa su gidajen yari biyar a jihohi daban-daban.

Sai bayan hukuncin ne Kyuba ta fito fili ta ce nata ne. A cikin watan Yunin nan Fidel Castro ya tsaya gaban taro ya ce za su dawo, kalmar da ta zama take, aka rubuta ta a bango da allunan titi tun daga filin jirgin Havana har ƙauyuka. Kada a ruɗi kai, gangamin yana da gwamnati a bayansa. Cibiyar sada zumunta da al'ummomin duniya da Kyuba ta kafa tun 1960 ita ta riƙa haɗa kan ƙungiyoyin ƙawance, ana taruwa a birnin Holguín shekara-shekara, ofisoshin jakadanci kuma suka mayar da maganar abin da ake fara tayarwa a kowace ganawa. Sai dai gwamnati ba ta iya sa tsohuwa a Ingila ta zauna ta rubuta wa fursunan da ba ta taɓa gani ba wasiƙa, ko ɗan ƙwadago a Kanada ya cire daga albashinsa. Wannan ɓangaren mutane ne suka yi shi da kansu. A San Francisco, Gloria La Riva da abokanta suka kafa kwamiti, suka yi karo-karo har suka sayi shafi guda cur a New York Times a Maris ɗin 2004, domin babbar matsalarsu ita ce Ba'amurke na kan titi bai taɓa jin labarin ba. Wani kwamitin, wanda Alicia Jrapko ke cikin jagororinsa, ya ware ranar 5 ga kowane wata don aika wa fadar White House saƙo, sannan daga 2012 ya riƙa tara mutane a Washington suna bin ofisoshin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar da ta yi aiki, a ganina, ita ce sauya tambaya. Da sun tsaya kan cewa juyin juya halin Kyuba daidai ne, da 'yan gida kawai za su riƙa yi wa wa'azi. Sai suka koma tambayar da ko maƙiyin Castro zai iya amsawa ba tare da ya bar aƙidarsa ba: shin an yi wa mutanen nan shari'ar adalci? Da wannan tambaya suka shiga ɗakunan da taken siyasa ba ya shiga. A Mayun 2005 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar ta saɓa wa ƙa'idojin shari'ar adalci. Ƙungiyar Amnesty International, wadda ba ta taɓa raga wa Havana ba, ta fitar da rahoto a 2010 tana nuna shakku kan shari'ar. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya je Havana a 2011 ya ce ya kamata a sake su. A Maris ɗin 2014 aka yi zaman sauraron bahasi a Landan, inda tsohon alƙalin alƙalan Indiya da tsohon alƙalin kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu da wani alƙali daga Faransa suka zauna. René, wanda a lokacin ya riga ya fito, shi ne babban mai ba da shaida, amma Birtaniya ta hana shi biza.

Sai kuma maganar iyali, wadda ta fi kowace hujjar lauya ratsa zuciya. An kama René 'yarsa Ivette tana wata huɗu. Matarsa Olga Salanueva aka tsare ta wata uku, aka kore ta daga Amurka a 2000, aka kuma hana ta dawowa. Adriana ta taɓa samun biza a 2002, ta sauka a filin jirgin Houston, aka riƙe ta sa'o'i aka juya ta ba tare da ta ga mijinta ba. Daga nan duk neman da ta yi ƙi ake yi. Mahaifiyar Gerardo ta rasu a 2009 yana ɗaure. Matan nan da iyayen sauran suka zama jakadu, suna yawo majalisa zuwa majalisa, coci zuwa zauren ƙwadago. Su ma fursunonin ba su zauna sun naɗe hannu ba. Suna amsa wasiƙu da hannunsu, Gerardo yana zanen barkwanci, Antonio yana rubuta waƙoƙi, ya kuma koyi zane a gidan yari har ya yi jerin hotuna 15 na rayuwarsu a ɗakin kaɗaici, aka riƙa yawo da su ana bajewa a ƙasashe. Wanda ya karɓi amsar wasiƙarsa daga kurkuku ba ya sake ɗaukar maganar a matsayin labarin jarida.

A Afirka kuwa ba a sha wahalar bayani ba, domin akwai tsohon bashi. Uku daga cikin biyar ɗin, René da Fernando da Gerardo, sun yi aikin soja a Angola. 'Yan Kyuba sama da 300,000 ne suka yi aiki a can tsakanin 1975 da 1991, fiye da 2,000 suka mutu, suna taya gwamnatin MPLA, jam'iyyar da ta karɓi mulkin Angola, yaƙi da sojojin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Mu ma muna da hannu a wannan tarihi: Najeriya ƙarƙashin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a Nuwambar 1975, kuma a Janairun 1976 ya tsaya a Addis Ababa ya yi fatali da matsin lambar Amurka kan batun. Bayan gumurzun Cuito Cuanavale a kudancin Angola, inda sojojin Kyuba da Angola suka gwabza da na Afirka ta Kudu, aka kai ga yarjejeniyar da ta ba Namibiya 'yanci a 1990, kuma Nelson Mandela ya je Kyuba a Yulin 1991 ya yi godiya da bakinsa. Saboda haka a Windhoek da Johannesburg da Luanda ba a kallon mutanen nan a matsayin baƙi. Akwai wani limamin cocin Anglican, Michael Lapsley, wanda bam ɗin da aka aiko masa cikin wasiƙa a Harare a 1990 ya cire masa hannaye biyu da ido ɗaya. Mutumin nan ya riƙa tasowa daga Cape Town har gidan yari a California, da ƙugiyoyin ƙarfe a madadin hannu, ya zauna da Gerardo a ɗakin ziyara, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. In ana maganar zumuncin ƙasa da ƙasa, ni wannan hoton nake gani.

A kotu kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Ranar 9 ga Agusta, 2005, alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara a Atlanta suka soke hukuncin baki ɗaya, suka ce yanayin Miami bai bar damar adalci ba. Murna ta koma ciki bayan shekara guda cif, da cikakken zaman kotun ya mayar da hukuncin da ƙuri'a 10 da 2. A 2008 aka tabbatar da laifukan, amma aka ce ɗaurin Ramón da Antonio da Fernando ya wuce ƙima, a sake. Mai shari'a Phyllis Kravitch ta rubuta cewa gwamnati ba ta kawo hujjar da ta isa a kama Gerardo da haɗa baki wajen kisa ba, sai dai ita kaɗai ce a kan wannan ra'ayi. Da aka nufi Kotun Ƙoli, mutum 10 masu lambar Nobel suka sa hannu a takardun roƙon a saurari ƙarar, cikinsu har da Wole Soyinka da Nadine Gordimer da José Ramos-Horta, ga kuma majalisar dattawan Mexico da tsohuwar shugabar Ireland Mary Robinson. Ranar 15 ga Yuni, 2009, kotun ta ƙi saurare ba tare da ta faɗi dalili ba. A ƙarshen shekarar aka rage wa Antonio zuwa shekara 21 da wata 10, Ramón 30, Fernando 17 da wata 9. A zaman Antonio ne lauyar gwamnati ta nuna cewa sun yarda da sassaucin ne har da don a kwantar da ƙurar da shari'ar ta tayar a duniya. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da ke nuna hayaniyar ta isa kunnen da ake so. Gerardo dai ba a rage masa ko kwana ɗaya ba. Posada Carriles kuwa, da aka gurfanar da shi a Texas kan yi wa jami'an shige da fice ƙarya, an wanke shi a 2011, ya ci gaba da zamansa a Miami har ya mutu a 2018.

Akwai inda gangamin ya gaza, kuma wanda ya damu da shi ne ya fi cancanta ya faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutum huɗun da aka harbo a 1996 ba su da makami, suna da iyaye da 'yan'uwa da suka yi ta kuka har yau, kuma da wuya ka ji an ambaci sunayensu a tarukan neman sakin biyar ɗin. A 2003, daidai lokacin da Havana ke neman duniya ta dubi rashin adalcin kotun Miami, ita ma ta kama 'yan adawa da 'yan jarida 75 ta yi musu shari'ar gaggawa, wasu suka sha ɗaurin fiye da shekara 20. Matansu ma sun fito, sanye da fararen kaya, suna neman abin da Adriana da Olga ke nema. A 2010 fursunan siyasa Orlando Zapata ya mutu a tsare a Kyuba bayan dogon yajin cin abinci. Yawancin kwamitocin ƙawance sun yi gum. Wannan shiru ya ba abokan hamayyarsu makami, kuma ya rage wa hujjar adalci kaifi, domin adalcin da ake nema wa ɓangare ɗaya kaɗai yakan yi kama da siyasa. Amnesty ta fi su daidaito, tunda ta yi magana a kan duka biyun.

René ya gama wa'adinsa a Oktobar 2011, amma da yake haifaffen Chicago ne aka ce sai ya ƙara shekara uku a Florida ƙarƙashin sa ido. A 2013 aka bar shi ya je ta'aziyyar mahaifinsa, aka kuma yarda ya zauna in ya ajiye takardar zama ɗan Amurka. Ya ajiye. Shi ne ya roƙi 'yan Kyuba su ɗaura ƙyalle rawaya ranar 12 ga Satumba, 2013, cikar shekara 15 da kamun. Ya zaɓi alamar ne da gangan, saboda a al'adar Amurkawa ƙyalle rawaya a jikin itace yana nufin ana jiran wani ya dawo gida. Ranar Havana ta wayi gari da rawaya a jikin bishiyoyi da ƙofofi da motoci da gashin 'yan makaranta. Fernando ya cika nasa wa'adin a Fabrairun 2014. Saura uku, ɗaya daga ciki kuma ba shi da ranar fita.

Abin da ya buɗe ƙofar daga ƙarshe ciniki ne. A Disambar 2009 Kyuba ta kama Alan Gross, Ba'amurken da ke aikin kwangila ƙarƙashin hukumar USAID, yana shigar da na'urorin intanet na tauraron ɗan'adam, ta ɗaure shi shekara 15. Lafiyarsa ta taɓarɓare, ya rame, haƙoransa suka zube, mahaifiyarsa ta rasu a 2014 ba a bar shi ya je ba. Shi ma matarsa Judy ta yi nata gangamin. Barack Obama yana son sauya hulɗa da Kyuba, amma ba zai iya ba Gross na tsare, Havana kuma ta ce ba za ta sake shi ba sai da mutanenta uku. Aka shafe kusan wata 18 ana ganawa a ɓoye, galibi a Kanada, Ben Rhodes da Ricardo Zúñiga a ɓangaren Amurka, Alejandro Castro Espín ɗan shugaban ƙasar na lokacin Raúl Castro a ɓangaren Kyuba. A tsakiyar wannan ne Obama da Raúl suka yi musabaha a taron makokin Mandela a Disambar 2013. Fafaroma Francis ya rubuta wa shugabannin biyu wasiƙa, aka ƙarasa maganar a fadarsa. A hukumance Amurka ta ce an saki Gross ne don jinƙai, su ukun kuma an musanya su da Rolando Sarraff, jami'in Kyuba da ya yi wa Amurka leƙen asiri ya shafe kusan shekara 20 a ɗaure. Kyuba ta kuma saki fursunonin siyasa 53.

To ina amfanin shekara 13 na wasiƙu da zanga-zanga, in dai musaya ce ta fitar da su? Masu wannan tambaya suna da gaskiya rabi. Ba don Gross ba, da wuya Gerardo ya fito a 2014. Amma fursunan da aka manta da shi ba ya hawa teburin ciniki. Gangamin ne ya sa sakin su ya zama alkawarin da gwamnatin Kyuba ba ta isa ta janye ba, saboda ta faɗa wa kowane ɗan makaranta cewa za su dawo. Shi ne ya sa duk inda jami'an Amurka suka shiga a Latin Amurka sai wani shugaba ya tayar musu da maganar. Kuma shi ne ya tara wa Obama abin kāriya, domin ranar da ya sa hannu a takardar sassauci, akwai ra'ayin alƙalan Amurka uku da rahoton Amnesty da maganar Carter da sharhin New York Times na watan Nuwamba mai goyon bayan musayar, duk a ajiye. Abin da a 2001 zai zama kashe kai a siyasa, a 2014 ya zama matakin da za a iya kārewa.

Saura maganar cikin. A 2013 Sanatan Amurka Patrick Leahy da matarsa Marcelle, wadda ma'aikaciyar jinya ce, sun kai ziyara Kyuba, Adriana ta same su. Ta haura shekara 40, mijinta na da rai-da-rai biyu, abin da ta roƙa shi ne a taimaka mata ta samu haihuwa kafin lokaci ya ƙure. Leahy ya ɗauki maganar, ofishinsa ya bi ta har ma'aikatar shari'a ta yarda. Aka karɓi maniyyin Gerardo daga gidan yari aka kai wani asibiti a Panama, likitoci suka yi aikinsu, a gwaji na biyu ciki ya shiga. A daidai wannan lokaci aka ɗan sassauta wa Gross yanayin tsarewarsa a Havana. Ɓangarorin biyu da suka shekara fiye da 50 ba sa ga maciji suka gwada amanar juna a kan wannan, kuma aka riƙe sirrin har ranar da jirgi ya sauka.

An haifi yarinyar ranar 6 ga Janairu, 2015, kwana 20 bayan dawowar mahaifinta, aka sa mata suna Gema. A tsakiyar shekarar su biyar ɗin suka taso tare zuwa Afirka ta Kudu da Namibiya da Angola don yin godiya, kuma ranar 20 ga Yuli aka sake buɗe ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu a Havana da Washington.